Guɗa a Falon Madam Araksi

A wajajen shekarar 1987 ba wanda zai kafa allo a ƙofar gidansa a Jidda ya ce nan ake koyar da fiyano. Amma masu hannu da shuni sun san inda suke kai 'ya'yansu mata. Wani gida ne a Ruwais, daf da teku, inda Madam Araksi take zaune da mijinta injiniya. Tsohuwa ce 'yar Armeniya, haifaffiyar Iskandariya, ga faɗa ga iya aiki. Bayan la'asar direbobi za su sauke yara a ƙofa, a rufe tagogi, a ja labule don kada maƙwabta su ji abin da ake yi.

Zubaidatu kam ba direba ne ya kai ta gidan ba, a goye aka kai ta. Uwarta Mairo mutuniyar Gumel ce, ta zo aikin Hajji da mijinta, Allah Ya yi masa rasuwa a nan, ita kuma ta zauna a unguwar Karantina tare da 'yan uwa takari. Gidan Madam ta samu aiki, wanki da guga da girki da goge-goge. A ƙarƙashin fiyanon nan Zubaidatu ta yi rarrafe. Da ta fara wayo Madam ta ga hannun yarinyar ba ya rabuwa da maɓallan, sai ta ɗora ta a kujera ta ce to, tunda kin nace, bismilla. Ba koyarwar lallashi ba ce. Da rula ake yi, kuskure ɗaya duka ɗaya a bayan yatsu, kuma sai 'ya'yan masu gida sun tafi, an kwashe kofunan shayi an wanke, sannan a zo kanta.

Ta iya kuwa. Ta iya karanta nota, wato rubutun kiɗa, kamar yadda ake karanta wasiƙa, ta iya zama da yarinya mai taurin kai har ta saki hannu. Lokacin da take da shekara ashirin da shida ita ke koyar da ƙananan gaba ɗaya, Madam na kishingiɗe tana gyangyaɗi, sai dai ta buɗe ido jifa-jifa ta ce a sake. Amma kun san abin haushi? Ko 'yar yaye a cikinsu ba ta taɓa ce mata Abla ba, yadda ake kiran kowace malama a garin. Zubaida kawai. "Zubaida, miƙo mini ruwa." "Zubaida, ina takalmina?" Wadda ta gyara miki yatsu yanzu-yanzu, ita ce kuma za ta durƙusa ta nemo miki takalmi a ƙarƙashin kujera. Tana haɗiyewa, don ta san abin da take jira.

A bangon falon akwai hotunan mata uku. Ta farko wata Bajamushiya ce mai ɗaurin gashi, ta biyu ɗalibarta, Ba'italiya, wadda ta yi koyarwa a Iskandariya, ta uku Madam ce tana budurwa. Ba'italiyar nan ta tsara wani kiɗa nata na kanta, mai kashi uku, ta kai wa masu buga littattafan nota. Suka ce kiɗa ya yi, amma wa zai sayi aikin mace? Ta sa sunan mijinta ko na wanta, sai su buga. Ta naɗe takardunta ta yi tafiyarta. Tun daga ranar ba a taɓa buga kiɗan ba, daga hannu sai hannu, malama ta koya wa ɗalibar da za ta gaje ta, ita kuma ta kaɗa shi a gaban iyayen yara ranar da za a danƙa mata makaranta. Duk sa'ad da Madam ta zo ba da labarin nan sai idonta ya yi ja, ta bugi hannun kujera, ta ce, "Haram! A ce mutum ya goge sunansa don a saye shi?"

To, a shekarar nan aikin mijin Madam ya ƙare, kafilinsu, wanda ya tsaya musu, ya ce ba zai sabunta musu iƙama, takardar zaman ƙasa, ba. Tafiya ta kama su. Madam ta kira Zubaidatu ta ce mata yara da fiyano duk nata ne, in iyaye sun yarda. Wata babbar mace a cikinsu, Sitti Mastura, matar wani ɗan kasuwa, ta ma yi alkawarin ba da ɗaki a gidanta a ci gaba da darasi. Abin da ya rage a yi hafla, iyaye mata su zo su ji da kunnensu. In sun gamsu, halas, ta zama Abla Zubaida.

Ta je gida ta gaya wa Mairo, wadda ciwon gwiwa ya ajiye ta tun bara. Ta ce, "Inna, ina so ki zo. Amma don Allah ki zauna kawai. Ba a magana a wurin."

"To, Auta, ni ce ban san gidan ba? Ni na san inda kowane cokali yake."

Abin da Zubaidatu ta manta shi ne, Inna ta san cokula, amma ba ta taɓa zama a falon ana kiɗa ba. Kullum tana kicin, ƙofa a rufe. Ta kuma manta cewa Bahaushiya ba ta zuwa sha'anin 'yarta ita kaɗai kamar wadda ba ta da kowa.

Ranar Alhamis da la'asar falo ya cika maƙil. An tuɓe abayoyi an rataye, sai ƙamshin turaren wuta da ƙyalƙyalin gwal. Ana gab da farawa sai ga Mairo ta shigo tana ɗingishi, ta ci ado da leshinta na salla. Bayanta Gwaggo Zaituna ce, aminiyarta mai sayar da goro da gyaɗa a kasuwar Balad, sai wasu mata biyu 'yan unguwa, kowacce da ɗaurin kallabi ya kai ya kawo. Suka yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya amsa sai a leɓe. Suka samu kujerun baya suka zauna, Mairo a bakin kujera kawai ta ɗosana. Zubaidatu ta hango su, amma ta ce a ranta ba komai, ai ta ja mata kunne.

Ta zauna, ta gyara kujera, ta ɗora hannu. Kashi na farko mai gudu ne, mai zafi, kuma ta kaɗa shi yadda ba ta taɓa yi ba. Ta ji a jikinta cewa ya fita. Da ta kai ƙarshensa ta ɗaga hannuwanta a hankali ta bar su a sama, ta rufe ido. A al'adar masu wannan kiɗa, nan ba a tafi, ba a tari, ba a motsi. Shirun nan shi ma cikin kiɗan yake, kuma shi ne girmamawar da ake yi wa makaɗi kafin ya shiga kashi na biyu. Matan falon sun sani, Madam ta horar da su shekara da shekaru, don haka kowa ya yi tsit.

Mairo ta duba dama, ta duba hagu. Ta ga 'yarta ta gama, gumi na tsatsafo mata a goshi, ta ga mata sama da ashirin sun zuba mata ido ƙur, ba mai ko cewa sannu.

"Ayyiriri yiriri!"

Guɗar ta tsaga falon. Kafin Zubaidatu ta buɗe ido sosai Gwaggo Zaituna ta amsa da tata, wadda ta fi ƙara, sauran biyun suka miƙe suna tafi. Mairo ta taho, ɗingishin ma ta manta da shi, tana kwance bakin zane. Ta zaro riyal sabo ta manna wa 'yarta a goshi, ta sake zaro wani ta manna. Gwaggo Zaituna na biye tana kirari: "Auta ta Mairo, ikon Allah! 'Yar Gumel ta gaban goshi! Kowa ya ƙi ki ya ƙi uwarsa!" Takarda ɗaya ta zame daga goshin ta faɗa kan maɓallai.

Wata yarinya ce ta fara ƙyalƙyalewa. Sai uwarta ta sa hannu ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Daga can gefe Zubaidatu ta ji kalmar da take tsoro tun tana ƙarama, an faɗe ta a hankali amma ta isa kunne: daggaga. Haka ake kiran matan da ake ɗauka haya su yi kiɗa a gidan biki, a yi musu liƙi, su ci abinci a bayan gida in baƙi sun ƙoshi, kuma yawancinsu baƙaƙe ne irinta. Madam ta tashi fuskarta kamar an watsa mata barkono, ta kama hannun Mairo ta mai da ita kujera. Zubaidatu ta ɗauke takardar daga kan maɓallai ta ajiye a cinya, ta shiga kashi na biyu, ta wuce na uku, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Amma wa ya saurara? Sai zunɗe da raɗa.

Suka hau tasi suka nufi gida. Sai da suka shiga ɗakinsu a Karantina, ana kiran magariba, Zubaidatu ta jefar da jaka ta juyo.

"Inna, me na ce miki? Ban ce ki zauna kawai ba? Kin san abin da kika yi mini yau?"

Mairo na kwance ɗankwali, ta tsaya da shi a hannu. "Me na yi?"

"Guɗa, Inna! Liƙi! Gidan biki ne? Ni zabiya ce?"

"Au, laifi na yi?" Mairo ta zauna a bakin katifa ta miƙe ƙafar da ke ciwo. "Ke Auta, na zauna kamar yadda kika ce. Na yi shiru har kika gama. Na jira su yi miki wani abu, na jira, na jira. Suka yi zuru kamar masu zaman makoki. Kina zufa, kin fid da ranki, ko wadda za ta ce madalla babu. Na ce a raina, wato don 'yar mai wanke-wanke ce shi ya sa za su wulaƙanta ta? Ina raye, ina zaune a wurin, a bar 'yata kamar marainiya? Wallahi ko sarki ne a falon sai na tashi."

Zubaidatu ta yi niyyar ta bayyana mata cewa shirun nan yabo ne, amma ta rasa ta inda za ta fara. Matar da ta yi sama da shekara ashirin tana jin kiɗan ta bayan ƙofa, wa ya taɓa kiran ta ya ce zo ki zauna ki ga yadda ake yi? Ta ɗauki buta ta fita alwala.

Ranar Asabar Madam ta aiko direba. Zubaidatu ta tarar da falo duk akwatuna, an sauke hotuna daga bango an jingine, Sitti Mastura na zaune tana kurɓar gahawa. Ba wadda ta ce ta zauna, sai ta tsaya.

Sitti Mastura ce ta fara, murya a tausashe, tana murmushi. "Ya binti, kin yi kiɗa, masha Allah, ba mai musu. Amma kin san mutane. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Kowacce tana cewa, mu da muka kawo 'ya'yanmu su koyi abin manya, yaya za a ce malamarsu daggaga ce? Gobe in an zo neman auren yarinya a ce ga wadda ta koyar da ita?"

"Ni ba daggaga ba ce, ya Sitti."

"Na sani, na sani. Shi ya sa na nemo mafita. Ranar Talata zan tara su a gidana shan shayi. Ki zo ki ba da haƙuri, ki ce matan nan ba ki san su ba. Tsofaffin masu aikin unguwa ne, sun ji ana taro suka faɗo. Ba wanda ya san fuskarsu, wa yake kallon fuskar mai aiki? Ki faɗi haka da bakinki, magana ta mutu, ɗaki na nan, yara na nan."

Kai, jama'a! Ku ji fa. Ba wanda ya san fuskarsu. Matar da ta yi shekaru tana buɗe wa Sitti Mastura ƙofar gidan nan, tana karɓar abayarta, tana miƙa mata gahawa a irin wannan kofin da ke hannunta.

Zubaidatu ta juya ta dubi Madam. A nan ne take sa ran jin tsawa, irin wadda ake yi wa yarinya in ta danna maɓallin da ba shi ba. Madam kuwa ta duƙufa tana naɗe wani faranti a jarida.

"Madam, kin ji abin da ta ce?"

"Habibti, kalma ɗaya ce." Ba ta ɗago ba. "Mairo ba za ta taɓa ji ba. Ki yi tunanin kanki. In kika ƙi, za su kai yaran wurin matar nan ta kamfani, Baturiyar da ke kaɗawa da yatsa biyu. Duk wahalata ta tashi a banza."

"Inna ce fa, Madam. Ita ta goyi 'ya'yanki. Ita ta yi jinyarki lokacin da kika karye. Ke ce kike bugun kujera kina cewa haram a sa mutum ya goge sunansa. Ashe na Ba'italiya ne haram, na Mairo halal ne?"

Madam ta yi ja har kunne, ta ce wannan daban, wancan daban. Ba ta faɗi inda bambancin yake ba.

Sitti Mastura ta ajiye kofi. Da alama ta ga abin zai ja lokaci, sai ta kawo abin da take gani alheri ne. "To, in hakan ya yi miki nauyi, akwai wata hanya. Bikin ɗana Othman na nan tafe bayan Hajji. Ki zo mana da ƙaramin organ, irin fiyanon nan na lantarki, ki taho da matan nan naki, wallahi muryarsu ta burge ni. A nan ne wurinku, kuma za ki samu fiye da abin da darasi zai ba ki."

A nan ne wurinku! Zubaidatu ta ji jini ya hau mata kai. Ta tuna rular da ta sha, ta tuna takalman da ta yi ta nemowa a ƙarƙashin kujeru. Da ta so, da ta zazzage musu abin da ke cikinta tun daga rarrafe. Amma tarbiyyar Mairo ce, ba ta iya zagin babba. Ta gyara mayafinta ta ce:

"Ya Sitti, ranar Talata ba sai kin ɓata shayinki ba. Ki gaya musu a waya. Mai leshin nan da ta fara guɗa sunanta Mairo, ita ta haife ni, a Karantina muke. Mai kirarin gwaggota ce. Bikin Othman kuma Allah Ya sanya alheri, ni malama ce, ba na zuwa."

"Malamar wa?" in ji Sitti Mastura, ba da faɗa ba, kamar mai son sani da gaske.

Zubaidatu ta dubi fiyanon. An riga an rufe shi da bargo an ɗaure da igiya. Ta san ba ta da inda za ta sa shi, ɗakinsu ko katifa ta uku ba ya ɗauka, kuma ta san daga yau ba wanda zai sake yi mata tayinsa. Ta yi musu sallama ta fita. Direban bai ko tashi ba, don ba a ce ya mai da ita ba. Ta taka har bakin titi cikin rana, hawaye na zuba, tana share su da haushi, don ba ta so ko bangon Ruwais ya ga kukanta.

Ta isa gida ta tarar da tsakar gida cike da mata, an baza tabarma, Mairo a tsakiya tana ba da labari karo na ba adadi. Yadda falon yake, yadda gwal ke walƙiya, yadda manyan matan Jidda suka ƙame ba su iya ko motsi saboda ikon Allah da ke hannun Auta. Gwaggo Zaituna na gyara mata inda ta rage. Suna ganin Zubaidatu aka ɗau shewa, wata ta matsa mata wuri, wata ta miƙo mata ruwan sanyi.

Mairo ta kama hannunta ta jawo ta kusa, ta rage murya. "Auta, kin huce? Na yi tunani, kin yi gaskiya, na yi gaggawa. Nan gaba ki gaya mini daidai inda ake tashi, sai in jira. Me Madam ta ce? Yaushe za ki fara?"

Zubaidatu ta dubi fuskar uwarta. Rabon da ta ga wannan fuska da irin wannan haske tun kafin ciwon gwiwa.

"Ba a sa rana ba tukuna, Inna."

"To, in an sa ki faɗa mini da wuri," in ji Mairo. "Matan nan duk sun ce za su je. Wancan karon mu huɗu ne kawai, har kunya na ji."